Na sayi LX 570 ƙirar 2010, in canza mata fuska ko in bar ta yadda take?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a barkanmu da dare. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka san kan manyan motoci. Sati uku ke nan Allah ya nufe ni da sayen Lexus LX 570 ƙirar 2010, 'yar Amurka ce ta shigo ta Legas, takardun kwastam duk na duba sun cika. Fara ce, cikinta ruwan madara, ta yi mil dubu 140 da ɗoriya. Wallahi motar nan tun ina yaron shago a Kwari nake kallonta idan maigidanmu ya faka tasa, a aike ni in ɗauko kaya a but in tsaya ina shafa kujerar, yau ga shi Allah ya ba ni tawa. To abin da ke raina yanzu shi ne in canza mata fuska ta koma irin ta 2018, bamba gaba da baya, ƙaton giril ɗin nan, fitilu, bonet, fenda har ƙofar but, sannan in sa rim 24 da baƙin gilashi, a naɗe jikin da baƙar leda marar sheƙi. Akwai wani a Abuja da ya ce sati biyu ya ishe shi. Uwargida ta ce in bar ta yadda take tunda lafiyarta ƙalau, ni kuma zuciyata ta kasa haƙura. Wanda ya taɓa yi dan Allah ya faɗa min gaskiya, akwai da-na-sani a ciki ko babu?

Dan Gayun Zoo Road: Masha Allah Alhaji Allah ya sanya alheri ya tsare. Ni dai shawarata kayi kawai wlh karka tsaya sauraron kowa, fuskar 2010 ta tsufa kowa yasani, amma in aka sa mata wannan giril din da fitilun masu ido uku to ko a gaban gidan biki ka tsaya sai an bude maka get ba tambaya. Kuma injin fa daya ne, abinda ke cikin ta 2010 shine ke cikin ta 2021, to meye zai hana ka more

Maman Ilham: Allah ya sa an saya a sa'a, ya kare ku daga sharrin ƙarfe.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka. Kafin in ce komai a kan fuska bari in tambaye ka abu huɗu. Tun da ka karɓi motar an ɗaga ta sama an leƙa ƙarƙashinta? An sa mata kwamfuta? Ka duba shekarar da aka yi tayoyin da ke jikinta? Sannan idan ka danna maɓallin nan na ɗaga ta sama da sauke ta ƙasa, tana tashi nan take ko sai ta yi ta kuka kafin ta motsa?

Baban Khalifa: Gaskiya Injiniya juyen baƙin mai kawai na yi mata. Kwamfuta dillalin ya ce an sa a Legas ba komai. Tashi kam tana tashi amma tana ɗan jinkiri, kuma na lura in na hau tudun nan da ake yi a titi gaban yana ɗan yin tsalle kamar sau biyu kafin ya nutsu, na ɗauka haka suke.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Ba haka suke ba Alhaji. Motar nan in ƙafarta lafiya lau take, ka ɗora kofin shayi a kan dashbod ka bi titin Zariya ba zai zube ba. Bari in yi maka bayani a tsanake don nan ne mutane da yawa suke ƙona kuɗinsu. Mutanenmu suna ce mata mai numfashi, sai a ɗauka iska ce ke ɗaga ta kamar Range Rover, to ba iska ba ce, mai ne. Akwai famfo da ɗan tankin mai a can baya kusa da taya, shi ke tura mai cikin shokozoba guda huɗu, sannan a jikin chasis akwai wasu ƙwallayen ƙarfe kamar ƙananan tulu, kowace taya da nata, a ciki akwai iskar gas da wata roba ta raba ta da man. Su ne suke shanye girgizar hanya. Shekara tana tafiya gas ɗin yana sulalewa kaɗan kaɗan, in ya ƙare sai motar ta fara wannan tsallen da kake faɗa, daga nan ta koma kamar kana kan amalanke. Su kamfanin sun ce a canza man nan duk mil dubu 60, to taka ta yi 140, ka tambayi kanka ko Ba'amurken da ya riƙe ta ya taɓa canzawa. Kuma man nasa na musamman ne, an rubuta AHC a jikin gwangwanin. Na sha karɓar mota a garejina wani ya zuba mata man birki wai ai duk mai ne, man birki kuwa cinye robobin ciki yake yi, sai an sauke komai. Yanzu ka ɗauki wannan ƙafar da ta riga ta gaji ka ɗora mata rim 24, me kake tsammani?

Dan Gayun Zoo Road: Oga Injiniya ai ku kullum tsoratar da mutane kukeyi, ga motoci nan cike da gari da 24 suna yawo lafiya lau

Injiniya Ƙofar Ruwa: Ƙanina kana ganinsu da yamma a titi an wanke su, ni kuma ina ganinsu da safe an jawo su. Yi lissafi da kanka. Tayar da ta zo da ita 285/50 ce a kan rim 20, wato naman robar daga bakin rim zuwa kwalta ya kai wajen santimita 14. In ka koma 24 abin da zai rage maka bai fi santimita 10 ba, kuma motar nan nauyinta ya kusa tan uku in mutane suka shiga da kaya. Ka faɗa rami ɗaya mai kaifin baki da gudu 120 rim ya lanƙwashe ko taya ta yi ƙulu, in ma ba ta fashe ba. Bayan haka yawancin rim ɗin da ake kawowa masu sheƙin nan sun fi na asali nauyi, boris da bol joyin da birki duk su za su ɗauki wahalar. Su kansu Lexus da suka sake fasalin motar a ƙirar 2016 iyakarsu 21.

Abu Hanif Kaduna: Alhaji ni na yi abin da kake shirin yi, don haka ka saurare ni da kyau. Tawa 2011 ce, shekara biyu da suka wuce na kai ta wani waje aka canza mata fuska, ba zan kama suna ba. Ranar da na je ɗauka wallahi har hoto na tura wa 'yan gidanmu, ta yi kyau ba ƙarya. Wata na farko ba matsala. Damina na sauka ruwan farko da ya dake ni a hanyar Kachia da safe na fito na ga fitilar hagu ta yi gumi daga ciki, ɗigo ɗigo kamar murfin tukunya, bayan sati biyu layin farar wutar nan na ƙasa ya mutu rabi. Sensan fakin kuma duk lokacin da na sa ribas sai ya kama ihu ko babu komai a bayana, ashe ramukan da suka huda a sabuwar bambar ba su yi daidai ba, sensan yana kallon ƙasa. Tsakanin bonet da fenda a gefe ɗaya ɗan yatsana yana shiga, ɗaya gefen kuma ko kati ba ya shiga. Abin da ya fi ci min rai shi ne bayan motar, saboda fitilun baya na sabuwar ba siffarsu ɗaya da na tsohuwar ba sai da suka yanka jikin suka yi walda suka cike da fila, yanzu wajen ya fara tsagewa fentin yana tashi. Na koma musu sau huɗu kullum sai a ce kaya na hanya daga China. Kuma tsofaffin kayana na asali, bamba da fitilu da bonet lafiyayyu, da na tambaya aka ce ai suna cikin ciniki, alhali ba mu yi haka da su ba.

Baban Khalifa: Subhanallah. To Abu Hanif yanzu da za a mayar da kai baya za ka sake?

Abu Hanif Kaduna: Gaba kaɗai zan yi, in ma zan yi. Duk abin da kusa ce ke riƙe da shi ana iya kwancewa a mayar, amma wajen da aka sa wa wuta aka yanka ya tafi ke nan. Kuma da dare fitilar asali ta 2011 ta fi wannan haske nesa ba kusa ba, wannan kyau ne kawai a ido, haskenta a warwatse yake yana kashe wa na gabanka ido kai kuma ba ka ganin nesa.

Alhaji Dillali: Salamu alaikum. Ni harkata ke nan shekara da shekaru, ku bari in faɗi nawa. Abu Hanif ka yi haƙuri amma hannu ka faɗa marar kyau, kayan canjin fuskar nan hawa hawa ne, akwai na banza akwai mai kyau, duk daga China suke amma ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma akwai masu haɗawa da fitilun asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, waɗannan in aka sami mai aikin da ya iya sai ka zagaya motar sau uku ba ka gane ba. Maganar yaron nan Dan Gayun Zoo Road ma gaskiya ce, tun daga ƙirar 2008 har 2021 inji ɗaya ne, V8 mai lita 5.7, ƙarfin doki 383, sai a LX 600 ne suka sauke shi suka koma V6 mai tabo biyu. To mutum ya sayi ta 2010 ya gyara fuska ya sami kamannin ta 2018 da kuɗin da bai kai rabin nata ba, ni ban ga laifi ba. A kasuwa ma wadda aka yi wa afgired mai kyau ta fi saurin fita.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Inji ɗaya ne Alhaji amma giya ba ɗaya ba ce, ta 2010 giya shida ce, daga 2016 takwas. Cikin ma daban, dashbod, sitiyari, allon nan mai inci 12 da ɗan wani abu, duk daban.

Alhaji Dillali: Haka ne, cikin ma ana canzawa ai in mutum yana da hali.

Malam Na Tudun Wada: Alhaji Dillali tunda ka kawo maganar kasuwa, tambaya nake da ita tsakani da Allah. Wannan saurin fitar da kake faɗa, masu sayen sun san 2010 suke saya ko ce musu ake 2018 ce? Don ni na san wani bawan Allah ɗan fansho da ya tattara abin da ya tara ya sayi irinta a matsayin 2017, sai da ya je sayen gilashin gaba aka ce masa ai motarka 2009 ce. Manzon Allah SAW ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu.

Alhaji Dillali: Sallallahu alaihi wa sallam. Malam wallahi ana yi ba zan ɓoye ba, amma ni a wajena a kan takarda nake rubutawa, 2010 an ɗaga ta zuwa 2018, mai saye ya sa hannu. Kuma bari in koya wa 'yan gidan nan abin da ba wanda zai cuce su da shi. Ka je jikin gilashin gaba ta ɓangaren direba ko jikin ƙofa ka karanta lambar chasis, harufa 17 ne, ka ƙirga na goma. A motocin Amurka in ka ga 8 to 2008 ce, 9 kuma 2009, A ita ce 2010, B 2011, haka har G 2016, H 2017, J 2018. Fenti da bamba ba sa canza wannan. Sannan ka duba ƙasan bel ɗin kujera akwai ɗan ƙyalle da aka rubuta shekara.

Malam Na Tudun Wada: Madalla, Allah ya yi albarka. Sai magana ta biyu ga mai motar, kuma ba don in ɓata maka rai ba Alhaji. Mota lafiyayya a kwance mata kaya masu kyau a zubar a sa wasu don kawai a ce sabuwa ce, a wannan lokacin da maƙwabcinka wataƙila bai ɗora tukunya ba, ina jin tsoron kar ya shiga almubazzaranci. Ka duba Suratul Isra'i aya ta 27.

Dan Gayun Zoo Road: Haba Malam mutum da guminsa, ya nema ta halal, shikenan bazai ji dadi ba? Ai Allah yanason yaga alamar ni'imarsa a jikin bawansa, kuma kai kasan me yake bayarwa a boye?

Malam Na Tudun Wada: Ban ce haramun ba ne ɗana, kuma ban san abin da yake bayarwa ba, Allah ya ƙara masa. Ya nemi shawara ne na ba shi abin da nake gani.

Baban Khalifa: Malam na gode wallahi ban ji haushi ba, maganar ta shige ni. Abin da zan ce kawai shi ne ba don in nuna wa wani ba ne, ni dai tun da na ga wannan fuskar nake sonta. Amma zan yi tunani.

Admin: Jama'a a ci gaba da mutunta juna dan Allah, kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da an harzuƙa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Sallama gare ku. Alhaji ni mace ce amma shekara biyar ina tuƙa 570 da hannuna, tawa 2013 ce, da ita nake zuwa Kano sarin kaya in dawo Kaduna, da ita nake kai yara Zariya makaranta. Ka gaida uwargida ka ce mata ina bayanta. Abin da na kashe wa tawa kuɗi kuma ban taɓa nadama ba su ne tabarmar roba mai baki a ƙasa har but saboda yara da damina, rigar kujera a layin tsakiya don wannan fatar mai ruwan madara in zobo ya zuba a kai sai dai haƙuri, kyamarar da ke ɗaukar hanya gaba da baya, da na'urar bin sawu wadda nake gani a wayata. Gilashi kuma ban sa baƙi ba, akwai leda mai haske da ke tare zafin rana, kana ganin na ciki sarai amma hannunka ba ya ƙuna a kan sitiyari. Kujerun can baya guda biyu da suke naɗewa su jingina a gefe suna cin wuri sosai, ni sai da na sa aka kwance su na ajiye a gida, yanzu dila biyu na shiga. Ɗan firjin da ke tsakanin kujerun gaba kuwa ka tabbatar yana aiki, da azumi in magariba ta riske ka a hanya za ka gode masa. Sannan ka yi lissafin mai tun yanzu. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, ina cika tanki ban ma duba allo ba. Tankin 'yar Amurka lita 93 ne, in ka sa lita a 900 ma ka ga ya haura dubu 83 cikawa ɗaya, kuma a cikin gari da esi da gosulo da ƙyar take ba ni kilomita 5 a lita. Kano zuwa Abuja kilomita ɗari huɗu da 'yan kai ne, ka ware lita 60 zuwa sama zuwa kawai. Manyan rim kuma ƙara mata ci za su yi.

Baban Khalifa: Hajiya na gode sosai, ta karanta da kanta tana ta murna. Man kam na fara gani a jikina. Shi ya sa ma wani ya ce in mayar da ita gas.

Injiniya Ƙofar Ruwa: CNG ana sawa kuma V8 na ɗauka in an sami kit ɗin da ya dace da silinda takwas, amma tukunyar za ta cinye maka but kuma nauyi ne a kan wannan ƙafar ta baya da muke magana, sannan sai ka duba ko hanyoyin da kake bi akwai wajen cikawa. Ka bar wannan tukuna.

Elhaji Maradi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan wajenmu kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, aiki taka yi, ba mu cika damuwa da huska ba. Ni Land Cruiser V8 gare ni mai gazwal wato dizal, lita 4.5, kuma ku sani ita da 570 uwa ɗaya uba ɗaya ne, chasis guda, Lexus ɗin dai an ƙara mata ado da wannan ƙahwa mai tashi. Tawa rim 18 ne, taya 285/60, naman roba ya kai santimita 17. Da munka tai Agadez bara inda kwalta ta mutu sai mu sauka cikin rairayi mu rage iskar taya mu wuce, wani abokin tahiya da ya sa manyan rim bai iya rage iska ba don rim zai taɓa ƙasa, sau biyu muna jawo shi da igiya. Kuma irin wadda aka kai ƙasashen Larabawa tanki biyu gare ta, lita 138, ita ce ta tahiya mai nisa. Elhaji in kana zuwa ƙauye ko gona kar ka wuce 20 da Allah.

Baban Khalifa: Ina zuwa kuwa Alhaji, mahaifiyata tana can wajen Ɗambatta kuma daga bakin titi zuwa garinmu burji ne, da damina sai a hankali.

Abu Hanif Kaduna: To ka gani. Sannan maganar baƙin gilashi da leda kar ka manta da hukuma. Dokar gilashi mai duhu tun 1991 take, a 2025 'yan sanda suka dawo da maganar famit ta intanet har ƙungiyar lauyoyi ta kai su kotu, ko ma yaya ake ciki yanzu kai ne za a riƙa tsayarwa a kowane shinge ana ce maka sauke gilashi. Launi kuma takardunka sun ce fara, in aka ga baƙa dole ka je a gyara takarda in ba haka ba kullum cikin bayani kake. Jiniya da rufe lamba da fitilar nan mai walƙiya shuɗi da ja kam kar ma wani ya ba ka shawara.

Hajiya Mai Atamfa: Ga kuma zafi, baƙar mota a Kano a watan Afrilu. Sannan ni tsakani da Allah a halin da hanyoyinmu suke ciki ban son motar da za a hango daga nesa a ce ga wani babba nan. Farar 2010 ba mai waiwayenta sau biyu, baƙa wuluk da fuskar 2018 da gilashi mai duhu kuwa kowa zai ɗauka ɗan majalisa ne a ciki, kai kuma ba ka da 'yan rakiya.

Dan Gayun Zoo Road: To ai sai asa mata sulke kawai Hajiya

Injiniya Ƙofar Ruwa: Wannan wata duniya ce daban ƙanina. Sai da izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ƙarfe da gilashin suna ƙara ɗaruruwan kilo, dole a canza birki da ƙafa da hinjin ƙofa, gilashin ma ba ya sauka duka. Ba aikin gareji ba ne. Alhaji Baban Khalifa ni dai roƙona ɗaya, kafin ka tura wa na Abuja ko sisi ka kai ta wajen duk wanda ka yarda da shi a ɗaga ta, ba lallai wajena ba. A duba ƙwallayen nan da man, a duba saman lagireto daidai inda aka buga lamba a jikin robar don nan yake fara tsagewa a wannan motar, a duba famfon ruwan inji, wato wata famfo, ko akwai busasshen ruwa mai ruwan hoda a gefensa, a duba tayoyi. Abin da ya rage a hannunka bayan nan sai mu yi maganar kwalliya.

Baban Khalifa: In sha Allah gobe Litinin zan kai. Na gode muku duka.

Baban Khalifa: Salam jama'a, na dawo da bayani bayan kwana shida. Wallahi Injiniya kamar kana wajen. Da aka buɗe bonet mai gyaran ya goge saman lagireton da tsumma ya haska min da fitilar waya, sai ga wani siririn layi kamar gashi daidai gefen lambar nan, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba, da ya danna da babban yatsa sai ga danshi ya fito. Ya ce da na kama hanyar Abuja da zafin nan wataƙila a Jaji ko Tafa zai buɗe gaba ɗaya, in kuma ban lura da allurar zafin inji ba sai inji ya tafi. Man ƙafar da aka zuƙo a roba baƙi ne kamar an jiƙa gawayi, ƙwallaye biyu na gaba sun mutu, na baya suna da sauran rai amma ya ce gara a canza huɗun tare. Wata famfo ma ya fara zubar da wannan abin mai ruwan hoda. Tayoyin da nake ganin sababbi ne saboda zanensu bai cinye ba, ya nuna min lamba huɗu a gefe, 3217, wai sati na 32 a shekarar 2017 aka yi su, da na duƙa na duba sai ga ƙananan tsaga tsaga a jikin robar duk zagaye. Da waɗannan na ɗauki yarana zuwa Ɗambatta satin da ya wuce ina gudu 130, tun jiya abin yake dawo min a rai. Lissafin da aka yi min ya cinye fiye da rabin kuɗin da na ware. Na ce a yi duka. Rim 24 na fasa, leda ma na fasa, zan sa irin ledar gilashin da Hajiya ta faɗa.

Maman Ilham: Alhamdulillah da Allah ya sa aka gani da wuri.

Malam Na Tudun Wada: Allah ya ƙara tsarewa, ya raya su Khalifa.

Dan Gayun Zoo Road: Allah ya kiyaye gaba Alhaji, gsky tayar nan ta bani tsoro nima yanzu na fita na duba tawa. Amma fuskar fa, an fasa kenan gaba daya?

Baban Khalifa: Ban fasa ba ƙanina, har yanzu tana raina ba zan yi ƙarya ba. Sai dai bayan sallah in Allah ya hore, kuma gaba kawai kamar yadda Abu Hanif ya ce, ba wanda zai sa wa jikinta wuta, kayana na asali kuma a gabana za a kwance in sa a mota in kai gida. Alhaji Dillali in ka sami fitilun asali na hannu ka ajiye min labari.

Alhaji Dillali: An gama Alhaji, amma ka shirya don guda biyun nan kaɗai sun fi duk sauran kayan tsada, kuma sai an sami riwaya wanda ya san soket ɗinsu don ba ɗaya ba ne da na 2010.

Injiniya Ƙofar Ruwa: Alhaji abu biyu kafin a rufe aikin. Ka ce ya nuna maka gwangwanin man AHC a rufe kafin ya fasa, kuma bayan an ɗaura ƙwallayen a fitar da iska ta kowace kusurwa huɗu har sai mai ya fito garau ba kumfa, in ba haka ba tsallen zai dawo. Ruwan lagireto kuma mai ruwan hoda na Toyota za a zuba, kar a haɗa da kore ko ruwan famfo. Tayoyin da za ka saya ka karanta lambar nan huɗu da idonka a shagon kafin a ɗaura, har ta safaya da ke ƙarƙashin but, ita ma a sauke ta a duba.

Baban Khalifa: Safayar kam ba mu sauke ba wallahi, bari in kira shi yanzu kafin ya tashi.